Tishu ko yashi a akwatin 'yar tsaka mai zanen damisa?

Ɗan'uwa, tishu za ka shimfiɗa wa 'yar tsakar kiwon nan taka, wadda ake kira leopard gecko da Turanci. Farin nan mai kauri na goge hannu a kicin, marar turare marar kala. Yashin da kake shawarar saye ka bar shi tukuna.

Tawa tana 'yar mitsitsiya na same ta, ko ratsin baƙi da rawaya na ƙuruciya bai fara wargajewa ya koma ɗigo-ɗigon damisa ba. Wanda ya sayar mini ya haɗa ni da buhun yashi, wai yana da sinadarin kalsiyam, wai ko ta haɗiya ma ƙaruwa ce. Ba a yi mako uku ba ta ƙi cin gyare, kashi ya ɗauke, cikin ya kumbura ya yi tauri. Likitan dabbobi ya duba ya ce hanji ne ya toshe. Ya yi mini bayani: ƙaramar tsaka ba ta iya farauta ba, idan ta kai wa gyare cafka da yashi take haɗawa, ga shi komai sai ta lasa, kuma idan jikinta na neman kalsiyam da gangan take cin irin wannan yashin. Hanjin nan kuwa ɗan siriri ne. Na yi kwanaki ina tsoma ta a ruwan ɗumi marar zurfi ina shafa cikin a hankali kamar yadda ya ce, har Allah ya sa ta warware.

Tun ranar da na koma tishu hankalina ya kwanta. Tsakar nan tana da tsabta, lungu ɗaya take zaɓa ta riƙa ba-haya a nan kullum. Da safe kafin na yi komai sai na leƙa lungun. A kan farar takarda babu abin da ke ɓuya: ga baƙin kashin, ga ɗan farin da ke maƙale da shi. Idan farin ya koma rawaya na san ruwa ya yi mata kaɗan, idan kashin ya yi ruwa-ruwa ko kwana biyu ban gani ba na san da magana. Dabba ce da ba ta nuna ciwo sai ya ci ƙarfinta, to wannan takardar ita ke gaya maka halin da take ciki. Gyare ma ba ya samun wurin nutsewa, kana iya ƙirga nawa ta ci. Ranar da na sake ganin kashinta lafiya lau a kan tishun nan, wallahi murnar da na yi ba kaɗan ba ce.

Yashi dai yana da kyau a ido, iyakarsa ke nan. Akwai masu haɗa ƙasa da yumɓu da ɗan yashi ga babbar tsaka, kuma yana yi musu, amma wannan sai ta girma kai ma ka san hannunka. Asalinta ma daga Afganistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya take, wuraren duwatsu da busasshiyar ƙasa mai tauri, ba tulin rairayi ba. Idan ka gaji da ganin tishu nan gaba, tayil marar santsi ya fi, yana riƙe ɗumi.

Amma tishu kaɗai ba zai hana toshewa ba idan babu ɗumi, domin da ɗumi take narkar da abinci. Ɓangare ɗaya na daɓen ya kai digiri 30 zuwa 32 na Celsius, ɗayan ya tsaya wajen 24 zuwa 26, ka auna da ma'auni kada ka dogara da tafin hannu. Ka ajiye ƙaramin maɓoyi da jiƙaƙƙen tishu a ciki, don ƙanana suna saɓa akai-akai, kuma fatar da ta maƙale a yatsu tana iya guntule su.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayarwa. Duk wanda ya miƙo maka tsaka mai siririyar wutsiya ya ce ai ƙuruciya ce, ka mayar masa. A wutsiya take tara kitse, ramewarta alamar cuta ce ko yunwa. Kada ka karɓi dutsen nan mai jona wa lantarki, yana ƙona musu ciki. Haka in aka ce ka ƙara ta biyu don ta samu abokiyar zama, ciniki ake nema, ita kaɗai take son zama.

Ka ba ta abinci kullum tunda ƙarama ce, gyaren kada ya wuce faɗin tsakanin idanunta, ka barbaɗa masa garin kalsiyam. Tishun kuma ka canja inda ta ɓata nan take, gaba ɗayansa sau ɗaya a mako.