Wane katin kyauta za ka saya, kuma waɗanne takardu za ka riƙe idan kuɗin ya maƙale?

Katin kyauta lamba ce kawai da aka ɗora wa kuɗi. Duk wanda ya riga shigar da ita, shi ya ci kuɗin, ko da katin yana cikin aljihunka. Don haka kafin ka saya, ko kafin ka ce wa ɗan'uwanka da ke Amurka ko Ingila ya aiko maka, tambayi kanka: ranar da aka ce babu ko sisi a ciki, wa zan riƙe, kuma me zai nema a hannuna kafin ya saurare ni? Da wannan ma'aunin na auna ire-iren katunan, farashi ya biyo baya.

Wanda na fi yarda da shi, nesa ba kusa ba, shi ne lambar da ake saya kai tsaye daga shafin kamfanin da ya yi ta, Amazon ko Apple ko PlayStation, a turo ta imel. Ba ta kwana a kanti ba, ba ta bi hannun kowa ba. Rasidin yana nan a asusun mai saye, da lambar ciniki da rana da adireshin da aka tura wa. Idan rigima ta taso, kamfanin zai duba littafinsa ne, yawanci ba sai an kai ga maganar katin shaida ba. A Amazon ma, in aka yi kuskuren adireshi kuma ba a riga an shigar da lambar ba, mai saye yana iya sake tura ta. Da ta iso, shigar da ita cikin asusunka a ranar, kada ka bar ta kwance a imel.

Aibinta ɗaya ne, kuma yana cin mutane da yawa: kowane kati da ƙasarsa. Na Amazon na Amurka ba ya aiki a Amazon na Ingila. Katin Apple da aka saya a Amurka sai asusun da aka buɗe da sunan Amurka. Haka na Google Play da na PlayStation. Duba ƙasar asusunka tukuna, sannan a saya, domin ba a mayar da katin kyauta bayan an biya. Ka kuma san siffar lambar: ta Apple tana da haruffa da alƙaluma 16 kuma da X take farawa, ta PlayStation 12 ce.

Na biyu shi ne katin roba ko na kwali da ake ratayewa a manyan kantuna. Ɓarayi kan kwashe su tun ba a sa musu kuɗi ba, su kankare bayan, su kwafi lambar, su manna sabon rufi, su mayar wurin. Sai su yi ta leƙa lambar da kwamfuta. Kana biya a wurin mai karɓar kuɗi, kafin ka isa gida an yashe. Wasu kuma manna wata lambar zane (barcode, wadda mai karɓar kuɗi ke haskawa da na'ura) suke yi a kan ta asali, sai kuɗinka ya faɗa katinsu. In dole ne, ɗauki wanda ke bayan kanta, ka shafa bayansa da yatsa ka ji ko akwai tudun manni, ka riƙe rasidi da takardar da ke nuna an kunna katin.

Katin Visa ko Mastercard na kyauta, irin su Vanilla, ba na ba kowa shawararsa a nan gida. Ana biyan 'yan daloli a kai tun wurin saye, yawancin na Amurka an rubuta a jikinsu cewa a Amurka kaɗai suke aiki, ba a cire kuɗi da su a na'urar ATM, kuma shafuka da dama ba sa karɓarsu sai an haɗa su da lambar gidan waya ta can. Dokar Amurka ta 2009 ta hana kuɗin kati ya mutu kafin shekara 5, ta hana cirar kuɗin rashin amfani kafin wata 12, amma ba ta buɗe maka katin a Kano ba.

Mai tallar katin dala 100 a kan dala 60 a WhatsApp kuwa, araha ba ta ado: ko an riga an cinye lambar, ko kuɗin damfara ne, ranar da aka gano a rufe asusunka.

To, kuɗi ya maƙale. Nan ne asarar dala 50 kan zama asarar da ta fi ta. Kamfani na gaskiya zai nemi rasidi, hoton gaban kati da bayansa, ranar saye da sunan kanti. Masu katin Visa da Mastercard sukan ƙara da neman katin shaida kafin su sake ba da wani, saboda banki ne ke bayansu. Wannan ba laifi ba ne idan kai ne ka same su, ta lambar wayar da ke bayan katin ko ta shafinsu da ka rubuta adireshinsa da hannunka. Matsalar ita ce 'yan damfara sun san wannan. Kana rubuta kuka a Facebook ko X, cikin minti kaɗan wani asusu mai tambarin kamfanin zai bayyana: “Ranka ya daɗe, yi haƙuri, zo akwatin sirri mu gyara maka.” Daga nan sai a ce turo fasfo, turo katin ɗan ƙasa, ɗauki hoto kana riƙe da shi kusa da fuskarka.

Wannan hoton na ƙarshe shi suka fi so. Da shi, da lambar NIN mai alƙaluma 11, da ranar haihuwarka, ana iya gwada buɗe asusu da sunanka, ko cin bashi a manhajojin lamuni, ko neman a sake yanka layin wayarka. Wanda ya mallaki layinka shi zai riƙa karɓar saƙonnin bankinka. Lambar kati ana sauya ta, amma NIN da BVN naka ne har ƙarshen rayuwa. BVN, lambar sirrin katin banki, da lambar nan ta wucin gadi da banki ke turowa ta saƙo, babu kamfanin katin kyauta da ke da hurumin tambayarsu. Haka duk wanda ya ce ka sayi wani kati ka biya “kuɗin aiki” kafin a maido maka da naka, ɓarawo ne.

In ka tabbatar kamfanin ne kuma babu makawa, tura takarda ɗaya tak, ta shafinsu, ba ta WhatsApp ba. Tambaye su abin da suke son gani, in sunanka da hotonka ne kawai, rufe sauran. Rubuta a kan kwafin, ta yadda rubutun zai ratsa tsakiya: sunan kamfanin, dalilin turawa, da kwanan wata. Ajiye lambar ƙorafinka. Idan kuma ka riga ka tura wa wanda bai dace ba, je bankinka da ofishin kamfanin layinka a ranar, ka sa lambar sirri a kan sim, sannan ka kai ƙara wurin EFCC tare da hotunan hirar kafin ya goge ta.