Mitar aljihu: ta mita 3 ko ta mita 5, kuma me za ka duba kafin ka biya?

Bara na auna gadon yara da taƙi, na je babbar kasuwar Garwa, nan arewacin Kamaru, na sayo katifa, aka ɗauro ta a bayan babur har gida, sai ga ta ta fi gadon faɗi da yatsa huɗu. Taƙina da na mai katifa ba ɗaya ba ne. Ranar na sayi abin awon nan na ƙarfe mai naɗe kansa, wanda mu nan muke kira mita, 'yan'uwanmu na Yola da Mubi kuma suna cewa tef. Daga lokacin zuwa yau uku sun ratsa hannuna, biyu sun mutu, ta ukun ce ta zauna.

A shagunan kayan gini za a baje maka kala-kala: 'yar mitsitsiya mai mita 1 ko 2 da ake rataya wa a makulli, da mai mita 3, da mai 5, da ƙatuwa mai 7.5 ko 8. Ta makullin kyauta ce ta ba yaro, ba ta kai tsawon ƙofa da kyau ba. Ƙatuwar ta magina ce, tana jan aljihu ƙasa, ƙarshenta ka riƙa barin ta a gida. Gardamar gaskiya tsakanin 3 da 5 take.

Mai mita 3 ta ishi labule, taga, gado, gurbin firji. Ba nauyi, uwargida ma za ta jefa ta a jaka. Amma ranar da za ka sayi ledar ɗaki ko tayil, bangon da ya kai mita 4 sai ka auna shi sau biyu kana sa alama da gawayi, kuma a wurin haɗin nan kuskure yake shiga. Ni dai 5 nake ba mutum shawara, sai in ya tabbata aikinsa bai wuce cikin ɗaka ba.

Abin da mutane ba sa kula da shi shi ne faɗin harshen, wato ƙarfen nan mai lambobi da ake jawowa. A jikin kwanson za ka ga an rubuta kamar 5m x 19mm; lamba ta biyu faɗi ce. Akwai 13, da 16, da 19, da 25. Harshen a lanƙwashe yake kamar indararo, kuma iya faɗinsa iya nisan da zai miƙe a iska bai karye ba. Wanda ke aiki shi kaɗai, ba yaron da zai riƙe masa ɗaya bakin, ya san darajar wannan. Ka ja ta a shagon ka gani. In ta faɗi tun ba ta kai gaba guda ba, za ta wahalar da kai wajen auna silin. Mai 19 ta wadatar a gida. Kafinta da mai walda su nemi 25.

Sai ƙugiyar bakin, inda ran mita yake. Na taɓa ganin wani dattijo ya mayar da sabuwa yana cewa, "Alhaji, wannan bakinta na rawa, canza mini." Mai shagon ya yi ta rantsuwa haka ake yin su, kuma gaskiyarsa ce. Da gangan aka bar ƙugiyar tana motsi daidai kaurinta, wajen milimita guda: in ka maƙala ta a bakin katako ta ja waje, in ka dogara ta da bango ta koma ciki, awon ya fito daidai ta kowace fuska. Kada ka sa guduma ka daddage ƙusoshin. Abin dubawa shi ne motsin ya zama gaba da baya kawai, kaɗan, ba lilo gefe da gefe ba. Mai ƙusa uku ta fi mai biyu jurewa. Wasu bakinsu da maganaɗisu, yana kama ƙarfe, masu walda na so. Sai dai yana tara garin ƙarfe, in ba a goge ba ya ɓata awo.

Batun lambobi ya shafe mu fiye da mutanen Duwala. Mu santimita muke aiki da ita, amma kayan da ke shigowa daga Najeriya da inci ake kiran su, bututun ruwa ma haka, ga filawud mai ƙafa 4 da 8, wato santimita 122 da 244. Inci guda santimita 2.54 ne, ƙafa 30.48. Saboda haka mai layi biyu, santimita a gefe ɗaya inci a ɗayan, ta fi amfani ga mai hulɗa da kan iyaka. Aibinta, wani lokacin layin da kake so yana can gefen da bai taɓa katakon ba. Wanda bai taɓa buƙatar inci ba ya ɗauki mai santimita zalla, ta fi daɗin karatu. Teloli kuma su yi hattara da tasu ta roba: akwai ƙirar ƙasar Sin da ke ɗauke da awon Sinawa na gargajiya mai santimita 3.33, kama da inci amma ba inci ba.

A farkon harshen wasu za ka ga I, ko II, ko III cikin ɗan zobe. Ajin daidaito ne na Turai. Aji na II kuskurensa bai wuce milimita 1.3 a mita 5 ba, na III ninkinsa. Wannan ya ishi kowane gida da yawancin kafintoci. Kusa da shi akan sa 20°C, zafin da aka daidaita ta a kai. Cikin zafin ranar Afrilu a Garwa ko Kusiri ƙarfen zai miƙe da wajen milimita guda a mita 5, ba abin da zai hana ka barci. Matsalar dai, tambari kowa na iya buga shi, haka sunan kamfani. Stanley tsohon suna ne, Ingco da Total sun cika kasuwa da sauƙin kuɗi, amma suna a kwanso ba shaida ba ne. Ka tafi da farar takarda A4 a aljihu: faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7. Ko ka ce, "Maigida, ba ni biyu," ka jera su ka ja har ƙarshe. In sun saɓa, ɗaya na ƙarya.

Biyun da suka mutu mini, ƙura da sakaci ne. Ƙurar hunturu na shiga ciki ta cinye lambobin santimita 20 na farko, waɗanda aka fi aiki da su, don haka harshe mai rufin roba, wanda ba ya ƙyalli sosai, ya fi daɗewa. Da damina kuma in ta jiƙe ka naɗe ta haka, sifirin ya yi tsatsa, ta ƙi komawa. Ɗayar yara ne suka riƙa jan ta suna saki tana komawa fau, har ƙugiyar ta fita. Gwada birkin ma, wato maɓallin da ke tsayar da harshen: ka danna, ka tura harshen da yatsa, kada ya zame.

Kwanso mai rigar roba ya fi jure faɗuwa kan siminti, mai sheƙi kamar azurfa sau da yawa fenti ne kawai. Juya bayansa, za ka ga an rubuta tsawon kwanson, misali 70mm. In kana auna cikin taga, ka dogara shi da bango ka ƙara wannan lambar, ba sai ka lanƙwasa harshen a kusurwa ba, don a nan yake fara tsagewa.