Dispersion Calculator ta fitar da ni kunya, amma da sauran aiki

Wallahi ban sa rai da wannan manhaja ba, wato Dispersion Calculator, mai lissafa gudun igiyoyin Lamb, igiyoyin sauti da ke bi ta cikin faranti waɗanda muke amfani da su wajen gano ɓoyayyen lahani. Kyauta ce, Armin Huber na cibiyar binciken jiragen sama da sararin samaniya ta Jamus, DLR, ya fitar da ita a 2018, kuma ba sai kana da lasisin manhajar lissafi ta MATLAB ba kafin ta yi aiki. Ni kuwa na riga na saba abin kyauta a wannan fanni rabin aiki ne.

Farantin da nake gwaji a kai na zaren kabon ne da aka daskarar cikin epoksi (wani irin ƙaro mai sandarewa), zaren duk sun fuskanci gefe ɗaya. Wanda ya saba da alminiyom zai sha mamaki, domin a can igiyar S0, ɗaya daga cikin nau'o'in igiyoyin Lamb, tana gudun kusan mita 5,400 a daƙiƙa ko ta ina ka auna. A nan kuwa abin kamar faskare ne, bin tsawon icce daban, gicciye shi daban. Idan igiyar ta bi zare takan haura mita 9,000 a daƙiƙa, idan ta gitta shi ba ta kai 3,000 ba. Wannan kowa ya sani. Abin da ya hana ni barci shi ne kusurwoyin tsakiya. Na harba igiya a karkace, na dasa na'urar karɓa daidai inda layi ya nuna, sai ga siginar ta iso a raunane kuma ba a lokacinta ba. Har malamina ya fara zargin mannin na'urar ne ya saki.

Tsohon shirin da muke da shi a ɗakin gwaji ya ƙi taimaka mini. An gina shi a kan hanyar lissafi ta masana Thomson da Haskell ta 1950 da 1953, wadda lissafinta ke rikicewa da zarar kauri da saurin kaɗawa sun yi yawa. Layukan gudun igiyoyin da yake zanawa su tsinke, wasu su haye kan wasu, ka rasa wanne ne A0 wanne ne SH0, wasu nau'o'in igiyar guda biyu.

Na zuba alƙaluman farantin da na iya samu a Dispersion Calculator, na buɗe zanen nan mai zagaye da ke nuna gudu a kowace kusurwa. Nan take na ga amsar. Ƙarfin igiyar ba ya bin inda fuskarta ta dosa, yana zamewa ne ya koma wajen zare, kuma a wasu kusurwoyi zamewar ta wuce digiri 30. Na matsar da na'urar zuwa inda zanen ya nuna, sigina ta fito tas. Alhamdu lillahi. Hanyar lissafi ta Rokhlin da Wang da aka gina manhajar a kai ba ta rikicewa a inda tsohon shirinmu ke faɗuwa, har farantin mai ɗaruruwan hawa tana ɗauka. Sannan tana nuna maka yadda kowace igiya ke motsa farantin daga sama zuwa ƙasan kaurinsa, abin da ya sa na daina laluben sunayensu.

Murnar tawa dai ba ta daɗe ba. Manhajar tana son alƙaluman ƙarfin abu, 9 ko aƙalla 5 ga irin farantina, ba 2 ba kamar na ƙarfe. Kamfanin da ya sayar mana da farantin rabinsu kawai ya rubuto, na yi ta aika wasiƙa shiru kake ji. Kuɗin da muka biya su bai cancanci wannan wulaƙanci ba, kuma har yanzu abin yana ci mini rai.

Na biyu, lissafin da take yi wa faranti na shimfiɗaɗɗe ne marar iyaka kuma marar lahani. Alhali abin da ya kawo mu tun farko shi ne gano inda hawa biyu suka rabu a ciki, irin ɓoyayyen ciwon da ake tsoro a jirage kamar Boeing 787, wanda kusan rabin nauyinsa irin wannan haɗi ne. Don ganin yadda igiya ke karo da wannan rabuwa, dole na koma ga wata babbar manhaja mai tsada da ke yanka faranti gutsi-gutsi, wadda lasisinmu ya ƙare kuma dillalin ya daina ɗaukar waya.

Duk da haka, wanda zai fara aiki da igiyoyin Lamb a kan kabon, ya sauke ta kafin ya manna na'ura ko ɗaya. Kuma kada ya biya kuɗin faranti sai an ba shi cikakkun alƙaluma a rubuce.