RollerCoaster Tycoon Classic: na gina Yankari a waya, mai gyara ya share min ita

Don in riƙa rage dare idan an ɗauke wuta na sayi wasan nan, ban sa masa wani rai ba. Zanensa irin na da ne, mutanen ciki ƙanana sosai. Wani Bature ɗan Sikotilan mai suna Chris Sawyer ne ya ƙirƙiri na asali a 1999, na biyu ya biyo baya a 2002, wannan na waya kuma ya fito a 2016 ya haɗe su wuri ɗaya. Za a ba ka fili da ɗan jari da bashin banki, a ce ka gina wurin shaƙatawa mai lilo iri-iri, musamman jirgin nan mai hawa da gangara a kan dogo. A matakin farko baƙi 250 ake so ka tara kafin ƙarshen Oktoba, shekarar wasan kuma daga Maris take farawa.

Ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Duk jirgin da ka gina, akan gwada shi babu kowa a ciki, sannan a ba shi maki uku: daɗi, tsanani, da tashin zuciya. Na gina wani na katako, na kashe kusan duk jarina a kansa, makin daɗinsa ya tsaya a tsaka-tsaki, layin masu hawa kuma bai taɓa cika ba. Ɗiyar yayata tana leƙen wayar ta bayana, sai ta ce, "Kawu, ai filin nan fayau yake, ko bishiya babu. Ka mai da shi Yankari mana." Makarantarsu ta taɓa kai su can, har yanzu ba ta daina zancen ruwan Wikki ba.

Na biye mata. Na haƙa ƙasa a ƙarƙashin dogon na cika da ruwa, na jera bishiyoyi a bakinsa, muka ce wannan ita ce Wikki, ruwan nan mai ɗumi da ke tsayawa wajen digiri 31 rani da damina. Na ɗaga tuddai a gefe. A cikin kayan adon Masar akwai bango mai launin yashi, da shi na zagaye wurin ya zama ganuwa, na bar mashiga ɗaya muka kira ta Ƙofar Wunti, sunan wata ƙofar ganuwar Bauchi. Da na duba ma'aikatan da ake ɗauka don su nishaɗantar da baƙi, ashe akwai mai sa kayan giwa. Yarinyar nan har da tsalle. Yankari babu giwa ai ba ta cika ba.

Ko guntun dogo ɗaya ban canza ba, amma da na koma shafin jirgin sai na ga makin daɗi ya tashi da kansa. Wallahi sai da na ajiye wayar na sake ɗauka. Ashe wasan yana lissafa abin da ke kusa da dogo: ruwa, bishiya, tudu, hanyar da mutane ke bi ta ƙarƙashi ko ta sama. Na taɓa wani baƙo, domin kowa ka taɓa za ka ga kuɗin aljihunsa da yunwarsa da abin da yake tunani, sai ga shi yana yabon kyawun wurin. Ni da na ɗauka ado kwalliya ce kawai. Jirgi na biyu sai na fara ɗaga dutse tukuna, na ratsa dogon ta cikinsa ya ɓulla a bakin ruwa, layinsa har kwana yake yi. Wanda ya yi wannan tunani a 1999 ya cancanci jinjina, ban ga abin da zai sa in rage masa komai ba.

Sauran abubuwa suna nan yadda ya kamata. Masu amai suna ɓata hanya sai ka ɗauki masu shara, ka sa benci a mafita, kanikawa su riƙa duba lilo. Idan aka tsuge da ruwan sama, mai sayar da laima ne ke cin kasuwa. Ba ya cin data bayan ka sauke shi.

To amma duk lokacin da na tuna abin da ya biyo baya, sai raina ya ɓaci. Wajen cajin wayar ne ya lalace, na kai ta wani shago kusa da kasuwar Wunti. Wajen caji kawai na ce a gyara. Da na dawo da yamma, yaron shagon ya miƙo min ita yana murmushi: "Yallaɓai, na ga tana nauyi, shi ne na yi mata filashin gaba ɗaya, yanzu ta koma sabuwa." Na ce, "Ɗan'uwa, wa ya sa ka?" Sai ya hau ba ni haƙuri, wai ai hotuna za su dawo. Hotunan sun dawo. Wasan ma na sake sauke shi ba tare da na biya ba. Amma ajiyata a cikin wayar take, ta tafi da ganuwar da giwar da komai. Abin da ya fi ci min rai shi ne gaya wa yarinyar, don ita ta zaɓi wurin kowace bishiya. Ba ta yi kuka ba, ta dai daina zuwa ta leƙa wayar.

Shi ya sa idan aka tambaye ni yanzu, ba na saurin cewa a saye shi a waya, duk da yabon da na gama yi. Wasa ne da za ka zuba masa tunani na makonni, wayoyinmu kuma kullum suna hanyar shagon gyara. Na koma tsohuwar kwamfutata da RollerCoaster Tycoon 2, na ɗora masa OpenRCT2, wato sabon zubin wasan wanda masu sa kai suka fara a 2014, yana ajiye wasa da kansa lokaci-lokaci, ni kuma ina kwafe fayil ɗin a ma'ajiyar USB duk ƙarshen mako. Da linzami ma shimfiɗa dogo ya fi sauƙi a kan yatsa. Na lallashi yarinyar ta dawo, wannan karon duwatsun Dass take so mu gina. Na wayar kuwa ban sake buɗe shi ba tun daga ranar.