Kwana a daji da iyali: wane tanti za a saya, da me za a haɗa shi

Idan gida biyu ko uku suka shirya fita da yara su kwana a daji, a ce Yankari ta jihar Bauchi ko Gashaka-Gumti ta wajen Serti, tanti ne ya fi cin kuɗi, kuma a kansa aka fi tafka kuskure. Kafin a fitar da ko sisi, a tuntuɓi hukumar gandun a ji ko suna barin kafa tanti, a ina, kuma da rakiyar wa. A halin tsaron da ake ciki, ba a kai yara kwana inda babu masu gadi. Lokacin da ya fi dacewa Disamba zuwa Fabrairu ne. An fi ganin namun daji a bakin kogin Gaji na Yankari a Maris da Afrilu, amma zafi kan kusanci digiri 40, ƙaramin yaro zai wahala.

Lambar da ke jikin jakar tanti tana ruɗin mai saye. In an rubuta na mutum 4, an ba kowa faɗin kusan santimita 60 ne, a kwance kafaɗa da kafaɗa, babu wurin jaka. A aikace yana ɗaukar manya biyu da yaro ɗaya, ko uwa da ƙananan yara uku. To, ƙato ɗaya na mutum 12 za a saya, ko matsakaita uku? A ganinmu matsakaitan sun fi, nesa ba kusa ba. Ga sutura: mata da ƙanana a nasu, maza da samari a nasu. Jaririn da ya tashi kuka cikin dare ba zai hana kowa barci ba. In sanda ɗaya ta karye, ba duka tawagar ce za ta kwana a fili ba. Sannan samun shimfiɗaɗɗen wuri mara duwatsu na mita uku ya fi sauƙi a kan na mita shida.

Wajen siffa, mai kama da ƙwarya a kife, wanda sanduna biyu ke gittawa a samansa, shi ne ya fi jure iska, kuma mutum biyu sa kafa shi cikin minti goma. Aibinsa gajarta, babba ba ya miƙewa a ciki. Mai miƙaƙƙen bango kamar ɗaki yana ba mata damar canza kaya da yin salla a tsaye, sai dai iska na kama shi kamar faifai, dole a ɗaure duk igiyoyinsa. Haɗin da ya fi armashi shi ne a ba mata irin wannan, maza su ɗauki ƙwarya. Wanda ake wurgawa ya buɗe da kansa kuwa galibi rufi ɗaya ne da shi, numfashin masu barci kan zama raɓa ta jiƙa bargo kafin asuba. Na kanbas ɗin auduga ya fi sanyi da rana kuma yana shekaru, amma babbansa yakan haura kilo 25, in an naɗe shi da danshi kuma ya yi fumfuna.

A nemi mai rufi biyu: na ciki mai raga, na waje mai tare ruwa. Ragar ta zama tana da marufin ƙyalle da ake zugewa, domin raga zalla a hunturu ƙura da sanyi take tacewa zuwa ƙirjin yara. Lambar jure ruwa ta 1,500 mm ta isa a rani, mai niyyar fita da damina ya nemi 3,000 mm. Launi ma abin dubawa ne: tsando na bin shuɗi da baƙi, don haka ruwan ƙasa ya fi, a tanti da tufafi baki ɗaya.

Turakun da ke zuwa cikin jaka siraran waya ne, ƙasar rani na lanƙwasa su a bugun farko. A kai wa mai walda rodi mai kaurin milimita 8, ya yanka tsawon santimita 25, ya feƙe baki ya lanƙwasa kai, a tafi da guduma. A shimfiɗa tamfol a ƙarƙashi saboda ƙaya, amma kada ya leƙo waje, in ba haka ba ruwan sama zai taru a kansa ya bi ƙarƙashin masu barci. Zif kuwa ƙura ce ajalinsa. A goge haƙoransa da tsohon buroshi, a shafa kyandir. Mai sayen gwanjo kada ya biya sai an kafa a gabansa: ya ƙirga sanduna, ya zuge kowane zif sau uku, ya shafa cikin rufin. In yana danƙo ko yana ɓarewa, maganin tare ruwan ya mutu.

Katifar iska na burge yara, amma ƙaya ɗaya ta ishe ta, kuma iskar cikinta na yin sanyi da dare ta janye ɗumin jiki. Katifar soso mai inci biyu a kan tabarma, da bargo ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, ta fi ta. Kowane yaro ya samu hular sanyi da safa.

Ruwa a ƙiyasta lita 10 ga mutum a yini, har da girki da alwala: mutum goma, kwana biyu, jarka takwas ke nan ta lita 25. Ƙaramar tukunyar gas mai murhu a ka tana da sauƙin ɗauka, amma babbar tukunyar girki na rinjayarta a ƙasa mara daidai, ga yara na guje-guje. Murhun ƙasa mai tiyo ya fi aminci. Gas ne ko gawayi, kada a shigar da shi tanti don ɗumi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum cikin barci. Kular sanyaya abinci ta zama mai tauri da maƙulli, a cika ta da gorunan ruwa da aka daskarar, sun fi ɓarɓashin ƙanƙara daɗewa. A sansanin Wikki na Yankari gwaggon biri ya saba da mutane, yana fisge leda daga hannun yaro, don haka abinci a mota yake kwana, a kulle.

A saya wa kowane yaro tocila ta goshi da rufaffen takalmi, silifa sai a bakin ruwan Wikki. Kububuwa da kunama da dare suke yawo. Takalma su kwana cikin tanti, zif a zuge har ƙasa, da safe kuma a kakkaɓe su kafin a zura ƙafa.