Commodore 64 da IBM PC: wacce ta fi wuyar haɗawa da modem?

Ɗan'uwa, ka tambayi wacce ta fi wahalar da mutane tsakanin waɗannan tsofaffin kwamfutoci biyun wajen sa manhajar tamina (wadda ake kiran wata kwamfuta da ita, a riƙa musayar rubutu) ta yi magana da modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin waya. A ganina Commodore ce, sai dai kowacce da inda take cizo.

Commodore 64, wadda ta fito a 1982, farkonta daɗi. Akwai rami a bayanta, ka cusa VICMODEM, modem ɗin kamfanin, shi ke nan. Lambar ma da hannunka za ka buga a wayar gida, in ka ji ƙarar ɗaya ɓangaren ka zare igiyar kan wayar ka soka a modem. Gudunsa bit 300 a daƙiƙa, wajen harafi 30 ke nan, idonka na iya bin rubutun yana sauka.

Rigima tana farawa ranar da ka nemi sauri. Kamfanin ya yi tsimi, bai sa mata UART ba, wato ɗan guntun da ke jera bit ɗaya bayan ɗaya a kan layi. Sai aikin ya koma kan manhajar cikin injin, ita ke ƙirga kowane bit da kanta. A 300 lafiya lau, a 1200 ana lallaɓawa, a 2400 kuwa haruffa sukan rikice, sai da masu rubuta manhaja suka ajiye tsarin kamfanin suka rubuta nasu. Ramin kuma wutar volt 5 yake bayarwa, ba ma'aunin RS-232 da sauran modem suka sani ba, dole ka sayi mahaɗi irin VIC-1011A. Ga tsarin haruffanta na PETSCII da ya saɓa wa ASCII, tsarin da sauran injuna ke bi: in manhaja ba ta juya su ba, manyan baƙaƙe su fito ƙanana, ƙanana su fito manya. Allon ma harafi 40 yake ɗauka a layi, alhali yawancin manyan injunan da ake buga wa waya harafi 80 suke turowa. Har nau'in modem sai ka faɗa wa manhajar, domin 1650 manhaja ce ke buga masa lamba, shi kuwa 1670 yana jin umarnin Hayes, wato gajerun umarni masu farawa da AT da ke sa modem ya buga lamba da kansa.

IBM PC ta 1981 tun a bakin ƙofa take tare ka. Katinta na sadarwa yana da UART mai lamba 8250, saboda haka ba ta da waccan cutar. Tata ita ce rabon layin IRQ, wato layin da na'ura ke jan hankalin kwamfuta da shi, tsakanin kafofin da ake jona modem ko linzami: COM1 na kan IRQ 4, COM2 na kan IRQ 3, da aka ƙaro COM3 sai ya zo yana raba layi da COM1. Ka sa linzami a COM1, modem a COM3, su yi ta kokawa kamar kishiyoyi, sai ka kwance injin ka matsar da 'yan fulogin kan katin. Da ka wuce nan, ka buɗe manhajar tamina irin Procomm ko Telix, ka rubuta ATZ ya amsa OK, ATDT da lamba ya buga. Ciwon yini ɗaya ne.

Masu Commodore kuwa sai daga baya suka huta, da aka fito da SwiftLink, katin da ke ɗauke da guntun UART mai lamba 6551 kuma yake kaiwa bit 38,400 a daƙiƙa. Wato guntun da aka yi musu rowa tun farko ne suka koma suka saya da kuɗinsu.