Fedal ɗin Murya: Wanne Ya Dace da Mawaƙi a Katsina da Daura?

Muryar da aka saba ji a waƙar sutudiyo ba ita ce ke fitowa daga lasifika ranar biki ba. A sutudiyo an gyara ta, an matse ta, an ɗora mata amo, an ninka ta. A filin taro kuwa makirfo ne kawai da miksa, sai maɓallin eko guda ɗaya da ke hannun mai sauti, wanda kan murɗa shi yadda ya ga dama. Wannan giɓin ne ya sa mawaƙa ke neman ƙananan na'urorin nan da ake ajiyewa a ƙasa ana takawa da ƙafa. Wayar makirfo ta shiga fedal, wata wayar ta fito daga fedal zuwa miksa, kwalliyar murya ta dawo hannun mai muryar.

Sai dai waɗanda suka ƙera su sun yi su ne da mawaƙin Turai da Amurka a zuciya, mai jita a wuya, mai waƙa kan ma'aunin sauti irin na fiyano. Rabin abin da ke cikin wasu daga cikinsu ba zai yi wa mai waƙa da kalangu ko mandiri aiki ba, kuma wannan rabin ne ke cin kuɗi. Don haka kafin a tambayi suna ko farashi, a fara sanin aikin da kowane ɓangare ke yi.

Eko da amo, abin da kusan kowa ke buƙata

Abin da muke kira eko abu biyu ne. Akwai maimaici, wanda a jikin na'ura ake rubuta Echo ko Delay, inda kalma ke dawowa sau ɗaya ko sau uku tana dushewa. Akwai kuma amon zaure, wanda ake rubuta Reverb, shi ba ya maimaita kalma, jela yake yi mata kamar kana magana a babban ɗaki marar kaya. Yawancin ƙananan miksoci da masu haya ke kawowa maimaici kaɗai suka iya, shi ma mai kaushi.

Wurin da kake waƙa shi ke faɗa maka wanne za ka ƙara. Buɗaɗɗen fili irin filin Kangiwa na ƙofar fadar sarki, ko rumfar biki a bakin titi, ba shi da bangon da zai mayar da sauti, murya kan fito a bushe. Nan amon zaure ke da amfani sosai. Ɗakunan taro na zamani masu tayil a ƙasa da silin mai tauri kuwa sun riga sun cika da amon kansu. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka bangon da ke nisan mita 17 zai dawo maka da muryarka bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma kunne na jin wannan a matsayin eko. Ka ɗora naka a kai, baiti ya dagule. Hausa harshe ce da ma'ana ke rataye da tsawon wasali da hawa da saukar murya, eko mai yawa na cinye duka biyun. Mai biki ya zo ne ya ji an ambaci sunansa da na mahaifinsa, idan bai ji ba liƙi ya ragu.

Na'urori biyu ne suka fi dacewa da wannan aiki. TC Helicon Mic Mechanic 2 tana da mamurɗai uku, na maimaici, na amo, da na gyaran murya, sai wani ɗan maɓalli mai suna Tone. Wannan maɓallin, a ganinmu, ya fi sauran daraja: yana rage dumu-dumun murya, yana danne tsinin harafin "s", yana kusanta ƙarfin raɗa da na ɗaga murya. Tana kuma bari ka taka mata saurin kiɗa da ƙafa domin maimaicin ya faɗa kan bugu. Kiɗa mai bugu 120 a minti yana son maimaici na rabin daƙiƙa. Idan bai dace ba, ekon ne zai riƙa yi wa makaɗi shisshigi. Boss VE-1 kuma tana da nau'in amo bakwai, da ninka murya, da gyara, kuma amonta ya fi faɗi da laushi. Duka biyun suna aiki da batir AA guda 4. Mai son abu marar wahala da zai taka ya manta ya ɗauki ta farko. Mai bege ko ƙasida a hankali, wanda amo ne rabin kwalliyarsa, zai fi jin daɗin ta biyu.

A ƙasa da su a farashi akwai irin su Flamma FV01, mai gyara da maimaici da amo. Tana aiki, kuma ga mai farawa ba laifi. Bambancin yana bayyana ne idan aka ƙure lasifika, inda ɗan huci ke biyo murya.

Gyaran murya: inda ake yawan asara

Tun da manhajar gyaran murya ta Auto-Tune ta fito a 1997, muryar nan mai tsalle daga mataki zuwa mataki ta zama ruwan dare, har ta zama alamar waƙar fiyano ta Hausa. Mawaƙi da yawa abin da yake nema a fedal ke nan. Ana samu, amma da sharaɗi.

Na'urar tana sauraren muryarka, ta nemo sauti mafi kusa a cikin jerin da aka ba ta, ta ja ka zuwa can. Idan jerin na dukan sautuka 12 ne, wanda ake rubuta Chromatic, ba sai ka faɗa mata maɓallin waƙa ba, wato tushen sautinta irin C, F ko G, wanda ake rubuta Key. Haka Mic Mechanic 2 ke yi, shi ya sa gyaranta ke da taushi, ba ya ba da tsallen nan sosai. Mai son tsallen ya fito fili sai ya nemi wadda ake zaɓa mata maɓalli, kamar TC Helicon VoiceTone C1, ko Zoom V3, ko Roland VT-4. Idan maɓallin ya yi daidai, abin ya yi kyau. Idan ka sa mata G alhali waƙar a F take, za ta riƙa jan ka da ƙarfi zuwa sautin da bai cikin waƙar, jama'a su ɗauka kai ne ka kauce.

Ga tarkon da ke kama mutane: masu fiyano da yawa sun saba da buga komai a wuri ɗaya, su ɗaga ko su sauke sautin da maɓallin Transpose. Ka tambaye shi ya ce a C yake, alhali ya ɗaga mataki uku, abin da ke fita E-flat ne. Kada ka dogara da bakinsa, dubi lambar da ke allon fiyanon, ko ka sa manhajar auna sauti ta waya ya danna maka tushen waƙar. Sannan ka rubuta maɓallin kowace waƙa a takarda ka manna kusa da fedal.

Duk wannan na mai waƙa da fiyano ne ko da kiɗan da aka naɗa. Kalangu, kotso, gurmi, kukuma da garaya ba a ɗaure su kan ma'aunin fiyano da na'urar ta sani. Mai gurmi na ɗaure tsirkiyarsa daidai da muryarsa ta ranar, fata kuma tana tsukewa da rana ta saki da sanyin dare. Fedal zai ja muryarka zuwa ma'aunin fiyano, kiɗa na wani wuri, ku rabu. Haka ma mai ƙasida da ke bin karin Larabawa irin Bayati ko Rast: a ciki akwai sautukan da ke tsakiyar matakai biyu na fiyano, na'ura ta rasa inda za ta kai su, ta riƙa rawa tsakanin sama da ƙasa. Ga waɗannan, a rufe gyara gaba ɗaya, kada ma a biya kuɗinsa.

Wani abin kuma, na'urar murya ɗaya take iya bi. 'Yan amshi biyu a kan makirfo ɗaya, ko kalangu dab da kafaɗar mawaƙi yana kutsowa cikin makirfo, duk suna rikita ta.

'Yan amshi na cikin akwati

Masu sayarwa sun fi son tallar wannan: ka rera kai kaɗai a ji kamar mutum uku. Boss VE-2, TC Helicon Harmony Singer 2, Boss VE-20 da Zoom V3 duk suna yi. Amma muryoyin da suke ƙarawa suna hawa ne mataki na uku ko na biyar a kan taka, irin jerin mawaƙan coci. Amshinmu ba haka yake ba. 'Yan amshi murya ɗaya suke bi tare, wani a sama wani a ƙasa, kuma suna karɓa ne bayan jagora ya ajiye. Na'ura ba ta karɓa, tare da kai take tafiya. Abin da ya fi kusa da kunnenmu shi ne ninka murya, wanda ake rubuta Double, Unison ko Octave. Taka shi a kan amshi, ka sake shi a kan baiti, waƙa ta yi kauri ba tare da ta canza kama ba.

Harmony Singer 2 daga jita take karanta inda waƙa ta dosa, don haka wanda ba ya kaɗa jita ya bar ta. VE-2 tana karɓar jita, tana kuma yarda a sa mata maɓalli da hannu. VE-20 ta fi su girma, tana cin batir 6, tana ajiye saiti da yawa, tana kuma naɗar murya ta daƙiƙa 38 ta riƙa juya ta, abin da zai yi wa mai waƙa shi kaɗai amfani wajen shimfiɗa amshi. Ƙungiyoyin waƙa na coci da masu kiɗan zamani su ne za su ci moriyar waɗannan sosai.

Zoom V3 da Roland VT-4 ba na ƙasa ba ne, da hannu ake sarrafa su, a kan tebur ko jikin sandar makirfo. Ramukan fitarsu na jak ne mai kauri, ba XLR mai haƙora uku ba, saboda haka ramin Line na miksa za su shiga. Suna haɗuwa da kwamfuta ta USB, wanda ya sa suka dace da mai naɗar waƙa a ɗaki ko mai shirin kai tsaye a TikTok.

Wuta, zafi da ƙura

Abin da ya fi kashe fedal a nan ba taku ba ne, adafta ce. Mic Mechanic 2 da na Boss volt 9 suke sha, kuma tsakiyar bakin adaftar shi ne mai alamar ragi (−). Jerin VoiceTone kuwa 12 suke sha. Bakunan sun yi kama, adaftar dikoda ma za ta shiga ramin, kuma yawancin irin waɗannan tsakiyarsu alamar tarawa (+) ce. Kuskure ɗaya ya isa ya ƙone na'urar. Karanta abu uku a jikin adafta: volt ya zama daidai, alamar tsakiya ta zama daidai, lambar mA ta kai ko ta wuce abin da aka rubuta wa fedal. Idan tokumbo ce daga Amurka, duba ko an rubuta 100–240V. Wadda aka rubuta 120V kaɗai ba za ta jure wutarmu ta 230 ba.

A wurin biki da janareta, kada ka jona sai injin ya daidaita, ka kuma zare kafin a kashe shi ko a juya layi. Wannan ne ya sa muke fifita mai batir ga duk mai yawon biki tsakanin Katsina, Daura, Mashi da Dutsin-Ma: ba ruwanka da hawa da saukar wuta, kuma gurnanin da ke shiga lasifika idan an haɗa kaya da yawa a layi ɗaya yakan ɓace. Batirin tocila mai arha ba ya daɗewa a cikinsu. Sayi alkalin, ko masu caji saiti biyu, ka fara kowane taro da cikakke. Ka cire su idan za a ajiye, domin zafin Afrilu da Mayu na sa su zubar da ruwa su ci ƙarfen ciki.

Ƙurar hunturu kuma mamurɗai take shiga, sai ka ji ƙarar-ƙarar idan ka murɗa. Jaka mai zif, da ɗan katako ko darduma a ƙarƙashi maimakon yashi, sun wadatar.

Haɗawa da miksa

Ka tanadi wayar XLR biyu naka na kanka, gajera da doguwa. Ka roƙi mai sauti ya rufe ekon layinka gaba ɗaya, ya mayar da mamurɗan gyaran sauti tsakiya, ya kashe wutar 48V da miksa ke tura wa makirfo a layin in miksar ta ba da dama. Eko biyu a kan juna shi ne kuskuren da aka fi yi. A na'urar da ke da mamurɗin ƙarfin shiga, rera baitin da ka fi ɗaga murya, ka ƙara har jar fitila ta ɗan ƙifta, sannan ka rage kaɗan. Fara amo daga rubu'in mamurɗi, ka sa wani ya tsaya bayan taro ya gaya maka ko yana gane kalmomi.

Idan lasifika ta fara kuka, ba lalacewa fedal ya yi ba. Matse murya da amo suna ɗaga ƙananan sautuka, har da wanda ke dawowa daga lasifika. Koma bayan lasifikar, kusanto da makirfo bakinka, ka daina dunƙule kansa da tafin hannu, domin rufe ramukan bayansa na sa ya ɗauki sauti ta ko'ina. Lokacin gaisuwa, kirari ko sanarwa, taka ka kashe kwalliyar. Mai makirfo marar waya kuma ya sani fedal bayan akwatin karɓa yake zama, don haka sai an kawo akwatin kusa da ƙafarsa.

Makirfon kansa ma abin dubawa ne. Jabun Shure SM58 sun yi yawa a kasuwa, kuma fedal ba ya gyara abin da makirfo ya ɓata. Wanda kuɗinsa bai kai na biyun ba ya fara da makirfo.

Wajen saye

Ba kasafai ake samun waɗannan a shagunan kayan sauti na cikin gari ba. Yawanci daga Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas ake aikowa, farashi kuma na bin dala, don haka tambayi wuri biyu ko uku a rana ɗaya. Tambayi ko da adafta a kwalin, domin wasu masu batir daban ake sayar da tasu. Idan aike za a yi, a ɗauko maka bidiyon na'urar tana aiki, ku kuma yi magana kan mayarwa kafin ka tura kuɗi.

Idan kana gabanta, je da makirfonka da wayarka. Taka maɓallin ƙafa sau da yawa ka ji ko yana ɗauka kowane lokaci. Murɗa kowane mamurɗi daga farko zuwa ƙarshe kana sauraro. Girgiza wayar a bakin rami, kada sauti ya yanke. Buɗe gidan batir ka duba farin gari ko tsatsa. Gwada ta da batir, ka gwada da adafta, ka bar ta a kunne kamar minti 15, domin wasu matsalolin sai ta ɗumama suke fitowa. Sannan ka rera waƙarka ta gaske da ƙarfin da kake yi a fili, da kiɗanta daga waya in da hali, ba "helo, helo" kaɗai ba.